Ciyar da feret

Feret ƙaramar dabbar gida ce mai dogon jiki da gajerun ƙafafu, mai kama da tunku, wadda asalinta Turai ne. Namiji yakan kai kilo 1 zuwa 2, mace ba ta cika wuce kilo 1 ba. Nama zalla take ci. Hanjinta gajere ne, abin da ta haɗiya yakan fita cikin awa 3 zuwa 4, don haka ba ta narkar da hatsi ko ganye, kuma ba ta jure yunwa. Idan abinci na gabanta, takan ci kaɗan-kaɗan sau 8 zuwa 10 a rana.

Busasshen abincin kanti da ya dace shi ne mai furotin ɗin nama kashi 30 zuwa 40 cikin 100, kitse kashi 15 zuwa 30, dusar tsirrai kuwa ƙasa da kashi 3. Inda ba a sami na feret ba, na 'ya'yan kyanwa mai kyau yana maye gurbinsa. Na kare bai dace ba, hatsinsa ya yi yawa.

Mai kiwo a Katsina ko Daura zai fi samun sauƙi a wurin mahauta da masu fige kaji. Ana haɗa tsoka kashi 80, ɗanyen ƙashi mai laushi kamar wuya da fiffiken kaza kashi 10, kayan ciki kashi 10, rabinsu hanta. Zuciya da ƙundu a lissafin tsoka suke, kuma zuciyar ba abin rainawa ba ce, tana da taurine, wani sinadari da jikin feret ke buƙata. Tsoka kaɗai ba ƙashi tana raunana ƙasusuwan dabbar, musamman ƙarama. Dafaffen ƙashi kuwa tsagewa yake yi ya huda hanji.

Tsire da kilishi nama ne, amma gishiri da yaji da ƙuli-ƙuli sun hana su zama abincinta. Fura da nono na sa ta zawo. Albasa da tafarnuwa na lalata jininta. Dabino, zuma da alawa su ma a kiyaye, ko da tana so: ciwon ƙari a pancreas (gaɓar ciki mai daidaita suga), wanda ke zubar da sugan jini har ta riƙa dalalar da miyau tana jan ƙafafun baya, ya yawaita a feret, kuma likitocin dabbobi na zargin kayan zaƙi. Kada a ba ta ɓeran gida saboda guba, ko kazar da ciwo ya kashe, domin tana kamuwa da murar tsuntsaye.

A bazara, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, ɗanyen nama kan lalace da wuri. A ba ta ɗanyen naman da asuba da bayan magariba, a kwashe ragowar cikin awa guda, a duba lungunan da take ɓoye nama. Zafin da ya wuce digiri 30 na iya kashe ta, saboda haka ruwan randa mai sanyi kada ya yanke mata, a kwano mai nauyi da ba za ta kifar ba.

Tana kafewa kan abincin da ta saba da shi kafin wata 6. Idan za a sauya mata, a riƙa cakuɗa sabon da tsohon har mako 1 zuwa 2.