Kara (ɗabi'ar zaman tare)

Kara ɗabi'a ce ta zaman tare a wurin Hausawa, wadda mutum kan danne haƙƙinsa ko son ransa don kada ya ba wani kunya, ko ya sa shi jin an ƙi shi. Ana cewa "ya yi mini kara", "tana da kara", "ba shi da kara". Kalmar mace ce, shi ya sa ake cewa "karar da ya yi", kuma wannan ya raba ta da karan dawa ko na gero, wanda namiji ne, da kuma ƙara mai lanƙwasa, ta kotu ko ta amo. Mai kara ya san abin da yake so, yana kuma da damar ɗauka, sai ya bar wa wani. Wanda ba shi da damar tun asali, haƙuri ya yi ko tsoro ya ji, ba a cewa ya yi kara.

Dangantakarta da kunya da kawaici

Kunya a zuci ake jin ta, kara kuwa a aikace ake ganin ta. Kawaici shi ne ka ga abu ko ka ji magana ka yi kamar ba ka gani ba. Alkunya ta fi kusa da kara, ita ce nuna ba ka damu da abin da a zahiri ka damu da shi ba, musamman ɗanka ko abincin da aka ajiye a gabanka. Idan abin ya yi yawa sai a ce mutum yana fulako, daga "pulaaku" na Fulani, tsarin ɗabi'a da ya ƙunshi semteende, wato kunya, da munyal, wato haƙuri. Daɗewar cuɗanya tsakanin Hausawa da Fulani ta sa da wuya a ce ga inda ta wannan ta tsaya, ta wancan ta fara.

A laccar da Anthony Kirk-Greene ya gabatar a Jami'ar Indiana ta Amurka, wadda aka buga a 1974, ya lissafa siffofi goma na mutumin kirki a idon Bahaushe: gaskiya, amana, karamci, haƙuri, hankali, kunya, ladabi, mutunci, hikima da adalci. Kara ba ta fito da sunanta a jerin ba, amma tana tsakanin uku daga ciki, kunya da karamci da mutunci.

A cikin gida

Gida ne makarantarta. Idan yara biyu suka yi faɗa a tsakar gida, uwa ɗanta take tsawatarwa, ko da shi aka zalunta, uwar ɗayan kuma ta fito ta kama nata. Uba yana raye, amma ranar ɗaurin auren 'yarsa sai ya bar wa ƙaninsa ko amininsa walicci. Idan dangin ango suka tambayi sadaki, amsar da aka saba ji ita ce "ku kawo abin da ya sauƙaƙa". Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta wasa da shi a gaban mutane, sau da yawa ma kaka ko gwaggo ce ke riƙe shi. Baba ta Karo, dattijuwar ƙasar Zazzau da Mary Smith ta rubuta tarihin rayuwarta daga bakinta a 1949 da 1950, ta yi bayanin wannan kunyar ta ɗan fari da ta surukai a matsayin abin da kowa ya tashi ya tarar. 

Duk waɗannan suna da amfani da ba a cika faɗa ba. Gidan da ya tara kishiyoyi da facaloli da 'yan uba, in kowa zai tsaya kan haƙƙinsa daidai wa daida, ba za a kwana uku lafiya ba.

A kasuwa da kan titi

A ɗauki Kaduna a matsayin misali, gari ne na 'yan zuwa. Tun da Turawa suka mayar da ita hedikwatar Arewa a 1917, aikin gwamnati da na jirgin ƙasa da na soja, sannan masaƙun Kakuri da suka fara a 1957, suka tara mutane daga ko'ina a kan ƙasar da Gbagyi suka daɗe a cikinta. Duk da haka kara ta biyo masu ita. A motar haya daga Kawo zuwa babbar kasuwar garin, mutum kan miƙa wa kwandasta kuɗi ya ce "har da na Baba", don kawai ya ga dattijon unguwarsu. Mai shago a Kasuwar Barci, in ɗan'uwa ya zo sayen tufafi, zai ce "haba, ɗauka kawai". Kafinta ko mai walda a Panteka, in maƙwabci ya kawo aiki ya tambayi kuɗi, sai ya ce "ko nawa ka bayar". Mai cin abinci a bakin shago ba ya kai loma baki sai ya ce wa na kusa "bismillah", shi kuma ya amsa da "alhamdu lillahi" ko da bai karya ba.

A nan ne asirin abin yake. "Ɗauka kawai" rabin magana ce, sauran rabin yana bakin wanda aka faɗa wa. Abin da ake jira shi ne ya ce "a'a wallahi, ai kasuwa ce", a ɗan ja, a ƙarshe ya biya uwar kuɗi ko kusa da ita. Mai shago ya nuna zumunci ya fi masa riba, mai saye ya nuna ba ya cin haƙƙin ɗan'uwa, kowa ya tashi da mutuncinsa, kuɗi kuma sun shiga aljihun mai kaya. Kara aikin mutum biyu ce. Ranar da ɗaya ya yi ta, ɗayan ya naɗe kaya ya yi godiya ya tafi, ta zama asara. Hausawa sun san haka, shi ya sa suka ce kunyar mara kunya asara ce.

A gari mai yawan ƙabilu, wani lokaci wanda ya naɗe kayan ba mara kunya ba ne, a gidansu "ɗauka" ɗauka take nufi. Rashin fahimtar juna irin wannan kan sa a yi wa mutum mummunan zato ba da laifinsa ba.

Matsayin addini

Musulunci ya yabi kunya. Hadisin da Buhari da Muslim suka ruwaito ya ce ita reshe ce ta imani. Amma ya yi mata iyaka, kuma iyakar a fili take. Aya ta 53 a Suratul Ahzab ta sauka ne bayan walimar auren Annabi (SAW) da Zainab bint Jahsh, lokacin da wasu baƙi suka ci abinci suka zauna hira, shi kuma ya ji nauyin ce musu su tashi. Ayar ta ce hakan yana cutar da shi, yana jin kunyarsu, Allah kuwa ba ya jin kunyar gaskiya. Abin lura shi ne baƙin aka yi wa gyara, wato waɗanda aka yi wa kara ba su gane ba. Nana A'isha ta yabi matan Ansar saboda kunya ba ta hana su tambayar addini ba. Aya mafi tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kafa shaidu, ba ta kuma ware 'yan'uwa ko aminai ba. Akwai kuma hadisin da ya ce dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, wanda malamai suka kafa hujja da shi cewa abin da aka karɓa don mai shi ya ji kunyar hanawa bai zama halal ba.

A idon masana halayyar ɗan'adam

Ba Hausawa kaɗai ke da irinta ba. Mutanen Iran suna da "ta'aruf", inda direban tasi kan ƙi karɓar kuɗi da farko, fasinja kuma ya san dole ya nace. A Tailan akwai "kreng jai", ƙin ɗora wa wani nauyi.

A 1951 Solomon Asch ya fara buga sakamakon gwajin da ya yi a Amurka. Ana nuna wa mutane layuka a ce su faɗi wanda ya yi daidai da wani a tsawo, alhali an haɗa baki da duk na ɗakin, ban da mutum ɗaya, su ba da amsar da kowa ke ganin kuskure ce. Kusan kashi ɗaya cikin uku na amsoshin sun bi jama'a, kuma kimanin mutum uku cikin huɗu sun bi aƙalla sau ɗaya. Da aka sa mutum ɗaya tak ya faɗi gaskiya, bin ya ragu ƙwarai. Wanda ya fi kama da kara shi ne labarin da Jerry Harvey ya bayar a 1974: surukinsa ya kawo shawarar a je cin abinci garin Abilene na Amurka, tafiyar mil 53 cikin zafi da ƙura a motar da ba ta da na'urar sanyi, kowa ya amsa don yana zaton sauran suna so, sai da aka dawo a gajiye aka gano ba mai so, har shi mai shawarar. Duk wanda ya taɓa zama a taron dangi ya san wannan tafiyar.

Inda take cutarwa

Cutarta ta fi faɗawa kan mai rauni, domin shi ne aka fi sa ran ya yi ta. Gidan gado kan shekara ashirin ba a raba ba saboda ba mai son ya zama na farkon da zai ta da maganar, har magada su fara mutuwa lissafi ya rikice. Mata kan ce sun yafe wa yayyensu maza rabonsu a gaban taro, alhali da a keɓe aka tambaye su da amsar ta bambanta. Yarinya kan yi shiru a kan mijin da ba ta so, a ɗauki shirun a matsayin yarda ba tare da an duba fuskarta ba, alhali labarin zuciya fuska ake tambaya. Iyalai biyu kan ji nauyin neman gwajin jini kafin aure, 'ya'ya su zo da sikila. Ma'aikaci kan tsaya wa aboki a banki don ya kasa cewa a'a, a dawo ana cire bashin daga albashinsa. Ƙananan 'yan kasuwa da yawa jarinsu a littafin bashin dangi ya narke.

Saboda haka mutane suka ƙirƙiro hanyoyin kauce mata ba tare da sun ci fuskar kowa ba. Mai shago kan manna takardar "ba bashi" don takardar ta yi maganar da bakinsa ba zai iya ba, ko ya ce kayan na maigida ne. A harkar aure da gado akan sa wakili ko malamin unguwa, tunda shi ba ya jin nauyin kowa a cikin dangin. Wayar hannu ma ta shigo: wanda ba zai iya duban idon yayansa ya ce a biya shi ba, yanzu yakan tura gaisuwa a saƙo, ya bi ta da lambar asusu. Dattawa da dama a unguwannin Tudun Wada da Rigasa na Kaduna suna ganin wannan rashin kara ne tsantsa. Matasan da ke yi kuwa cewa suke bashin da aka biya ta waya bai taɓa raba zumunci kamar wanda aka yi shiru a kansa shekara biyar ba.