Fetur mai yawan okten yana ƙara wa inji ƙarfi?

Mene ne lambar okten take aunawa?

Tana auna juriyar fetur ga matsi da zafi kafin ya kama da wuta da kansa. Ba ta auna ƙarfin da ke cikin man. Lita ɗaya ta mai lamba 98 da ta mai lamba 91 kusan kuzari ɗaya suke ɗauke da shi.

To me ya sa wasu motocin ke buƙatar fetur mai yawan okten?

Fistin yana matse iska da fetur a silinda, fulogi ya ba da tartsatsi, wuta ta bazu a hankali. Idan matsin ya yi yawa, sauran man da wutar ba ta kai gare shi ba sai ya fashe da kansa. Wannan ne ƙarar da ake ji kamar tsakuwa a gwangwani, musamman a hawan tudu da kaya cikin babbar giya. Injin mai tobo (na'urar da ke cusa ƙarin iska a inji), ko wanda matsinsa ya kai 11 bisa 1, wato fistin yana matse iskar zuwa kashi ɗaya cikin 11 na girmanta, shi ya fi fuskantar haka. Idan abin ya daɗe, yana cinye kan fistin, ya karya zobba, ya ƙona gasket.

Motocin zamani suna da na'urar da ke jin wannan ƙara, sai kwamfutar motar ta jinkirta tartsatsin. Injin ya tsira, amma ƙarfi ya ragu, shan mai ya ƙaru. Zuba man da ya dace yana dawo da ƙarfin da aka rasa ne kawai.

Motata 91 aka rubuta mata, in na sa 98 fa?

Asarar kuɗi ce. Ba ta da matsin da zai amfana da shi.

An rubuta 87 a littafin motar da ta fito daga Amurka, wane mai ke nan?

Ma'aunin Amurka daban yake da na Turai. Lamba 87 a can ta yi daidai da kusan 91 zuwa 92 a ma'aunin Turai da ake kira RON, 91 ɗinsu kuma kusan 95 ne.

Ina sa man da ya dace amma ƙarar ba ta daina ba?

A duba lagireto da fanka, don zafi yana jawo ta. A duba taimin (lokacin da fulogi ke ba da tartsatsi) da lambar fulogi, da baƙin dattin da ke taruwa a kan fistin yana ƙara matsi. Sannan a yi hattara da man bumburutu, domin kananzir kaɗan in an gauraya yana karya okten sosai.