Aku ma yana da hagu da dama

Mutane da yawa sun ɗauka cewa ɗan Adam ne kaɗai ke fifita hannu ɗaya a kan ɗayan, tsuntsu kuwa duk ƙafar da ta zo masa da ita zai yi aiki. Wannan ba haka yake ba, kuma aku ya isa shaida.

Ka lura da shi yana cin abinci. Yatsunsa huɗu ne, biyu gaba biyu baya. Zai tsaya da ƙafa ɗaya, ya damƙi ɗan itace da ɗayar, ya ɗago shi zuwa baki yana jujjuyawa yana ɓarewa. Gobe ma da wuya ya sauya ƙafar.

A 2011 Culum Brown da Maria Magat na Jami'ar Macquarie a Ostireliya sun duba nau'o'in aku 16, suka tarar da yawancinsu suna da ƙafar da suka fi so. Kokatu, farin akun nan mai rawayan tukku, kusan dukkansu bahagwai ne, alhali kusan kashi 90 cikin 100 na mutane da dama suke aiki.

Abin da ya fi burge ni shi ne tushen lamarin yana ido. Idanun aku a gefen kai suke, don haka da ido ɗaya yake ƙare wa abinci kallo, sai ƙafar wannan ɓangaren ta kai cafka. Idon hagu kuwa ɓangaren dama na ƙwaƙwalwa yake aika wa saƙo.