"Sista, wallahi kaɗan na sha"

Ni ma'aikaciyar jinya ce a sashen haɗari da gaggawa na wani asibiti da ke kusa da babban titi a Kaduna. Daren Juma'a da na Asabar, musamman in wata ya ƙare albashi ya shigo, mun san abin da ke tafe. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyun dare ake fara sauke mana su: wani a bayan a-kori-kura, wani a motar jami'an kiyaye haɗurra, wani a Keke ƙafa na reto a waje. Kafin a tambayi direba komai, warin giya a bakinsa ya riga ya ba da amsa. In kuma an tambaya, magana ɗaya ce kamar sun haɗa baki: "Sista, wallahi kaɗan na sha."

Kaɗan ɗin nan ya ishe ni. Na ji shi daga bakin ɗalibi, na ji shi daga bakin direban tirela, na ji shi daga bakin mai furfura da ke da 'ya'ya a jami'a. Ban taɓa jin wanda ya ce "da yawa na sha" ba. Kowa kaɗan, amma gadajenmu a cike.

Kwanakin baya aka kawo mana wani saurayi, bai fi shekara ashirin da shida ba. Sabon aiki ya samu, abokai suka ce sai an yi murna. A hanyar komawa gida ya bi ta kan wani dattijo maigadi da ke tafiya wurin aiki a kan kekensa. Saurayin ɗinki huɗu muka yi masa a goshi. Dattijon kuwa ƙashin cinya ya karye, ƙugu ya goce, kuma shi ke ciyar da gida. Yaron nan kuka yake da hawaye, yana cewa bai taɓa yin haɗari ba, wannan ne karon farko. Na tausaya masa, don ba shi da kama da mugu, kuma mafi yawansu ba mugaye ba ne. Amma da na tambaye shi ko yau ne ya fara tuƙi bayan ya sha, sai ya sunkuyar da kai.

To nan gizo ke saƙar. Abin da kuke kira karon farko, karon farko ne da asiri ya tonu. Kafin shi an yi sau goma, sau ashirin, ana isa gida lafiya, shi ya sa zuciya ta ƙeƙashe har mutum ya fara cewa hannunsa ya saba, motar ma ta san hanya. Ba gwaninta ba ce ta kai ka gida, ƙanena. Allah ne bai sa wani ya tsallaka titi a gabanka ba.

Wasu kuma na ɗauka doka na yi wa mai laifin farko rangwame, kamar gargaɗin malamin makaranta. Dokar da ta kafa hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, FRSC, ta shekarar 2007, ta sa tarar naira 5,000 ko ɗaurin da zai iya kaiwa shekara biyu, ko duka biyun, a kan wanda ya yi tuƙi cikin maye, na giya ne ko na ƙwaya. Ba sai ka buge kowa ba, tuƙin kansa shi ne laifin. Ana kuma rubuta maka maki biyar na laifi a kan lasisi. Iyakar da aka sa ita ce kashi 0.05 cikin ɗari na giya a jini, kuma jami'an na da na'urar da ake hurawa. Ba ta tambayarka ko kaɗan ka sha. Na san za ku yi dariyar 5,000, ni ma ina ganin ta yi araha ƙwarai, bai kai kuɗin abin da wasunku ke sha a zama ɗaya ba. Amma ku karanta gaba. Tuƙin ganganci tararsa naira 50,000 ko shekara biyu. In rai ya salwanta ta dalilin tuƙin ganganci, ɗauri ne da zai iya kaiwa shekara bakwai. Kuma alƙali ba zai dawo da mamaci don ka ce ba ka taɓa yi ba.

Ga Musulmi a jihohin da ke aiki da shari'a, kamar Kano da Zamfara, shan kansa laifi ne mai haddin bulala tamanin. Sannan wanda ya kashe rai bisa kuskure akwai diyya, akwai kaffara, azumin wata biyu a jere, yana nan cikin Suratun Nisa'i. Ni ba malama ba ce, ku je ku tambayi malamanku ko wanda ya sha ya kama sitiyari da saninsa zai iya fakewa da kalmar kuskure hankali kwance.

Bari in dawo kan saurayin nan, don abin da ya fi ɓata mini rai ba shi ya yi ba. Da asuba mahaifinsa ya iso, babbar riga, turare na tashi. Bai tambayi gadon da dattijon yake ba. Ni ya ja gefe: "'Yata, a rufa mana asiri, kada a rubuta cewa ya sha. Ƙaddara ce, yaro ne." Na ce masa, "Baba, ka yi haƙuri, abin da na gani shi zan rubuta." Iyayena, da girmanku, ku ji ni. Duk ranar da kuka bi ta bayan fage aka kashe magana, aka saki mota, aka miƙa wa yaro makulli washegari, kun koya masa cewa ran talaka na da farashi kuma Baba zai biya. Irin waɗannan yaran muna sake ganinsu. Wani lokacin ba sashenmu ake kawo su ba, kai tsaye ɗakin ajiye gawa ake wucewa da su.

Mun yarda da ƙaddara. Amma wa ya buɗe kwalbar? Wa ya ɗauki makulli? Wa aka ce masa "bari a kai ka" ya ce a'a, shi ba yaro ba ne? Ka ɗaure raƙuminka tukuna, sannan ka yi tawakkali.

Kada masu cewa "mu ba ma shan giya" su ga kamar ba da su nake ba. Direban da ya haɗiye tiramol a tasha don ya yi Legas zuwa Kano ba barci, da ɗan Keke da ya sha kodin, wanda gwamnati ta hana sayar da maganin tari mai ɗauke da shi tun 2018, da mai busa wiwi kafin lodi, duk hukuncinku ɗaya a wannan doka. Ku ma kaɗan kuke cewa.

Sai maganar dabaru. Goro ba ya kashe maye. Kofi ba ya yi, farfesu mai yaji ba ya yi, watsa ruwan sanyi ba ya yi, alewar minti ƙamshin baki kawai take sauyawa. Hanta ce ke tace giya, kuma ba a yi mata gaggawa, sai lokaci ya yi. Wanda ya sha har biyun dare, ƙarfe shida na safe yana iya zama da saura a jininsa, ga shi zai kai yara makaranta.

In abin ya riga ya faru, kai ne mai laifin farkon nan, ba na cewa rayuwarka ta ƙare. Ga abin yi a gurguje, don an kira ni:

- Kada ka gudu. In kana tsoron taron jama'a, nufi ofishin 'yan sanda mafi kusa ka kai kanka.
- Kira 122, layin FRSC ne kyauta, ko 112, a kwashi wanda ya ji rauni.
- Nemi lauya, ka je kotu ranar da aka sa. Tara a banki ake biya, ba a hannun kowa a bakin titi ba.
- Ka ɗauki nauyin maganin wanda ka buge, ka je da ƙafarka ka duba shi, ba aike ba.
- In ka kasa bari, zo asibiti. Akwai asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Barnawa da ke kula da masu shaye-shaye, zuwa can ba hauka ba ne.
- In za a fita, a bar mota a gida. Abokai, ku ƙwace makullin, ya yi fushi ya huce gobe.

Dattijon an sallame shi da sanduna biyu, aikin gadin kuma an ba wani. Saurayin ya zo duba shi sau biyu, na farko da mahaifinsa, na biyu shi kaɗai, a ƙafa.