Kafin Ka Sayi Keken Guragu, Ka Tambayi Mai Hawa

Azumi na kamawa wayata ba ta hutawa. Alhazai, ƙungiyoyin matasa, 'yan'uwanmu mazauna Jamus da Amurka, kowa maganarsa ɗaya: "Anti Nas, muna da kekunan guragu, ki haɗa mana sunaye." Allah Ya saka musu da alheri. Amma ni da nake shiga gida-gida a unguwannin Aboabo da Asawase da Sawaba a Kumasi ta Ghana, ni nake ganin yadda keken yake ƙarewa bayan an kwashe rumfa an gama ɗaukar hoto.

Akwai wani matashi tela da haɗarin babur ya taɓa masa laka, daga ƙugu zuwa ƙasa ba ya jin komai. A wani rabon ya samu keke sabo fil, irin na tura marar lafiya a cikin asibiti: ya yi masa faɗi, mazaunin leda ce kawai, ba katifa. Bayan wata biyu mahaifiyarsa ta aiko a kira ni. Da na juya shi, na tarar da gyambo a mazaunansa har yana ruwa.

"Ɗiyata, mun ɗauka ƙurjin zafi ne," in ji ta.

"Mma, ba zafi ba ne. Keken ne ya ci shi."

Wata huɗu ya yi a kwance rub da ciki ana wanke ciwo, keken ɗinkinsa na can a lulluɓe.

Keken guragu kamar takalmi yake, sai an gwada. Ana auna faɗin ƙugu, da tsawon cinya, da inda ƙafa za ta sauka, a sa katifar da ke rage dannewar ƙashi, sannan a koya wa mutum hawa da sauka. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da ƙa'idojin haka. Ga kuma lungunanmu, duk kwata da duwatsu: ƙananan tayoyin gaba ba sa kai labari. Wanda ba ya jin jikinsa, ya riƙa ɗaga mazaunansa ko ya karkata gefe duk bayan minti 15 zuwa 30, a kuma duba fatarsa safe da yamma. In wuri ya sauya launi ko ya yi tauri, bai koma daidai ba bayan an sauka daga keken, a daina zama a kansa, a zo mana.

Ba ina cewa a daina bayarwa ba ne. Cewa nake kada mai bayarwa ya yi gaban kansa. A ƙidayar 2021 an samu kusan kashi 8 cikin 100 na 'yan Ghana masu shekara 5 zuwa sama, mutum sama da miliyan 2, suna da wata tawaya a gani ko ji ko tafiya ko makamancin haka. Aljihun Alhaji ɗaya ba zai ɗauki wannan ba, sai an haɗa hannu, kuma waɗanda za a haɗa hannun da su suna nan. Masu buƙata ta musamman suna da ƙungiyoyinsu, na makafi da na kurame da na guragu, a ƙarƙashin tarayyarsu ta GFD. Su suka san wa ke buƙatar sanda, wa ke buƙatar jari. A Nsawam akwai cibiyar da ke ƙera ƙafar roba da takalman ƙarfe tun 1961. Kuɗin keke ɗaya da zai yi tsatsa a bayan ɗaki, gara a biya wa yaro kuɗin mota da na awo ya je can.

Sannan akwai haƙƙin da mutanenmu ke bari yana wuce su. A kuɗin da gwamnati ke turo wa asambuli, wato majalisar gunduma, akwai kason masu buƙata ta musamman, an faro da kashi 2 cikin 100, daga baya aka ƙara zuwa 3. Ana nema ne ta ofishin walwalar jama'a na asambuli, don jari ko karatu ko magani. Sau da yawa abin da ke hana mutum samu bai taka kara ya karya ba: ba shi da katin Ghana, ko ba mai rubuta masa takarda, ko kuɗin pragya, babur mai ƙafa uku, ya gagara. Ƙungiyar matasan da za ta ɗauki wannan aiki, ta raka mutum biyar har su samu, kuma ta sabunta musu katin inshorar lafiya, a wurina ta fi mai raba buhun shinkafa hamsin. Sai dai aiki ne da ba ya kyau a hoto, shi ya sa ba a rububinsa.

Yara kuma kada a ɓoye su. Jaririn da aka haifa da lanƙwasasshiyar ƙafa ana miƙar da ita da filasta, a riƙa sauyawa mako-mako, in an fara tun yana ɗan makonni. Iyaye kan gaji ne a kuɗin zirga-zirga, to ga inda zakka da adashen mata za su shiga. Kurma akwai makarantarsa a Jamasi, makaho a Akropong, kuma tun 2015 manufar ilimi ta ƙasa ta ce makarantar unguwa ma ta karɓe su.

Mu zo kan masallatanmu. Dokar 2006, mai lamba 715, ta ba gine-ginen jama'a shekara 10 su gyara hanyar shiga, wa'adin ya cika tun 2016. Har yau za ka ga an kafa tayil mai sheƙi da matakala biyar, dattijo mai keke yana sallar Juma'a a rana a bakin titi. Alhali Abdullahi ɗan Ummi Maktum makaho ne, yana kiran salla, kuma Manzon Allah (SAW) ya sha barin sa ya kula da Madina. In kwamiti zai yi gangara, ya sani duk tsayin taku ɗaya yana buƙatar tsawon taku 12, in ba haka ba an gina abin zamiya ne. Kafin birkila ya zuba kankare, a kira mai keken ya gwada.

Telan nan ya warke. 'Yan layinsu suka yi karo-karo, aka auna shi aka yi masa katifa, wani makaniki ya mayar da keken ɗinkinsa na hannu. Wannan karon da aka kira ni kan rabo, shi na sa ya zauna da masu bayarwar, da tef ɗin awonsa a wuya.