Waiwaye: Tun yaushe Kanawa suka fara shakkar mai shigar da ƙara?

Duk lokacin da wata badaƙala ta siyasa ta ɓulla, Kano kan rabu gida biyu tun kafin takarda ta isa gaban alƙali. Sojojin baka za su ja daga a gidajen rediyo, wasu na cewa bi-ta-da-ƙulli ne, wasu na cewa ai shafaffu da mai ba a taɓa su. A majalisun unguwa daga Fagge har Gwale, da rumfunan Kantin Kwari, abin da aka fi ji shi ne, "Bari ka gani, shiriritar da maganar za a yi." Ɓangarorin biyu sun haɗu a wuri ɗaya ba su sani ba. Da mai cewa ana zaluntar gwaninsa, da mai cewa za a rufa wa ɓarawo asiri, kowa ya riga ya sa a ransa cewa siyasa ce za ta yanke makomar shari'ar, hujja kuwa ko oho. Da yawa na ɗauka wannan rashin yarda ɗan bana ne, ko kuma wayar hannu da Facebook ne suka haifo shi. Ya girme su nesa ba kusa ba.

Tarihin da kowa ya sani ba ya buƙatar dogon zance. Bayan Turawa sun ci Kano a 1903, sun bar kotunan alƙalai da 'yan doka da gidan yari a ƙarƙashin En'e, wato hukumar gargajiya ta sarki, kuma a shekarun 1950 babban kukan 'yan adawa, musamman 'yan jam'iyyar NEPU, shi ne mulki da kamu da shari'a sun taru a hannu ɗaya. Dokar Final Kot, wato dokar hukunta laifuffuka ta Arewa, ta zo a 1960. An ƙirƙiri Jihar Kano a 1967, a 1968 kotunan En'e suka koma kotunan yanki a hannun gwamnatin jiha. A 1975 aka yi tankaɗe da rairayar da ta raba sama da mutum dubu goma da aikin gwamnati a faɗin ƙasa, a 1984 aka kafa kotunan soja na musamman don ƙwato dukiyar jama'a. Da farar hula suka dawo, sai ga hukumar yaƙi da cin hanci ta ICPC a 2000, shekarar da Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, sai hukumar yaƙi da masu yi wa tattalin arziki ta'annati ta EFCC a 2003, sannan jihar ta yi dokar tata hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da cin hanci a 2008. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan an tarbe shi da murna, daga baya murnar ta koma ciki.

Amma ba a nan gizo ke saƙa ba. Akwai wata shekara da ba kasafai ake ambatonta a wannan muhawara ba, wato 1963.

Tsarin mulkin da Najeriya ta karɓi 'yancin kai da shi a 1960 ya ɗora ikon gurfanar da masu laifi a hannun Daraktan Gabatar da Ƙararraki. Tarayya na da nata, kowane yanki na da nasa, na Arewa yana Kaduna. Ma'aikacin gwamnati ne, ba ɗan jam'iyya ba, ba ya zama a majalisar ministoci, kuma an rubuta ƙarara cewa wajen amfani da wannan iko ba ya karɓar umarnin kowa. Cire shi ma ba aikin dare ɗaya ba ne, sai an bi matakan da tsarin mulki ya gindaya. Iko uku ke hannunsa: ya shigar da ƙarar laifi, ya karɓe wadda wani ya shigar ya ci gaba da ita, ko ya dakatar da ita kafin a yanke hukunci. Duk wanda ya taɓa yin zarya a kotu ya san na ukun nan ya fi sauran nauyi, domin komai gaskiyar alƙali, ba zai yi hukunci kan shari'ar da aka janye daga gabansa ba.

Da Najeriya ta zama jamhuriya a ranar 1 ga Oktoba 1963, sabon tsarin mulki ya ɗora waɗannan iko uku a hannun Antoni Janar, wanda minista ne a cikin gwamnati, Darakta kuma ya zama jami'i a ƙarƙashin ma'aikatar shari'a. Hankalin jama'a a lokacin na kan manyan sauye-sauye: Sarauniyar Ingila ta daina zama shugabar ƙasa, an daina ɗaukaka ƙara zuwa Landan, an kuma soke hukumar da ke kula da naɗin alƙalai. Wannan ɗan sashe ya wuce ba hayaniya.

Ba za a ce masu gyaran ba su da hujja ba. Sun ga bai dace mutumin da ba wanda ya zaɓe shi ya riƙe iko mai girma haka ba tare da wanda zai ce masa don me ba. A Ingila ma Antoni Janar ɗan gwamnati ne. A tsarin firaminista kuwa ministoci na zama a zauren majalisa, ɗan adawa na iya miƙewa ya tambayi dalilin janye shari'ar wane, a amsa masa a bainar jama'a. Wato an karɓe 'yancin Darakta, an musanya shi da tambayar majalisa. Ko cinikin ya yi riba ko bai yi ba, aƙalla akwai abin da aka bayar a madadi.

Sai 1979 ta zo da tsarin shugaban ƙasa irin na Amurka. Yanzu minista ko kwamishina ba ɗan majalisa ba ne, in ma ɗan majalisa aka naɗa sai ya bar kujerarsa. Waccan tambaya ta gaba da gaba a zauren majalisa ta tafi da tsohon tsari, amma ikon nan uku ya zauna daram inda aka ajiye shi a 1963. An dawo da hukumomin kula da aikin alƙalai, a 1999 ma aka ƙara da Majalisar Shari'a ta Ƙasa. An gyara ɓangaren mai yanke hukunci, an bar ɓangaren mai kai ƙara yadda yake. A 1983 Kotun Ƙoli ta fayyace cewa idan Antoni Janar ya dakatar da shari'a, kotu ba ta da hurumin bincikar dalilinsa. Abin da zai iya taka masa birki shi ne wanda ya naɗa shi, da kuma bakin jama'a. A tsarin mulkin 1999 sashe na 174 ne ya ba na tarayya wannan iko, sashe na 211 ya ba na jiha. Gaskiya sassan sun ce a yi la'akari da maslahar jama'a da adalci da hana wasa da shari'a, sai dai mai ikon shi ne mai auna hakan.

Ya kamata a fahimci abin da wannan ke nufi, don ba zargin wani mai kujera ake yi ba. Lauyoyi masu mutunci sun riƙe wannan muƙami, wasu shari'o'in kuma janye su shi ne adalci, kamar inda shaidu suka ɓace ko hujja ta rushe. Matsalar ita ce tsarin bai bar wa mai gaskiya hanyar da zai nuna gaskiyarsa ba. In ya gurfanar da ɗan adawa, za a ce aike ne. In ya janye shari'ar ɗan gida, za a ce rufa-rufa ce. Tunda ba dole ne a bayyana dalili ba, kuma ba kotun da za ta tace shi, talaka ba shi da ma'aunin bambance janyewar gaskiya da ta alfarma. Inda ba bayani, jita-jita ce ke cike gurbin, Kano kuwa, garin da tashoshin rediyo masu zaman kansu suka yawaita tun bayan 2003, ba a rasa mai cikewa.

Hukumomin yaƙi da rashawa da aka kafa daga baya duk a kan wannan harsashi suka hau. Tun ran gini, tun ran zane. Ikon karɓe ƙara ko dakatar da ita ya shafi wadda kowace hukuma ko kowane mutum ya shigar, har da ƙarar kai tsaye da Bakano zai iya kaiwa kotun majistare ta Gidan Murtala ko ta Nomansland. Su kansu shugabannin hukumomin kariyarsu ba ɗaya ba ce: dokar ICPC ta ce ba a cire shugabanta sai da goyon bayan kashi biyu cikin uku na Majalisar Dattawa, dokar EFCC kuwa ba ta gindaya irin wannan sharaɗi ba. Ƙara da rigar kariya ta sashe na 308, wadda ta hana gurfanar da shugaban ƙasa da gwamnoni da mataimakansu muddin suna kan mulki, ko da yake Kotun Ƙoli ta ce a 2002 ana iya bincikarsu. Sakamakon haɗuwar waɗannan shi ne manyan shari'o'i kan motsa ne bayan an sauya gwamnati. Ko da bisa ƙa'ida ake tafiya, mai kallo daga gefe zai ga lokacin ya zo daidai da juyin siyasa, sai ya yanke nasa hukuncin.

Abin mamaki, Bakanon da ke cewa ba ya yarda da hukuma shi ne zai ɗauki takardar filinsa ko ta bashin da aka hana shi ya nufi ofishin karɓar ƙorafi da sassafe, ko ya kai rabon gado kotun shari'a ta Ƙofar Kudu ya karɓi hukunci ya tafi gida. A can shi ne mai ƙara, ba mai janye masa ita sai shi. Shakkar tana farawa ne idan dukiyar ta jama'a ce, inda kowa ke da haƙƙi amma ba mai riƙe da igiyar ƙarar sai gwamnati.

An yi yunƙurin kwance wannan ƙulli. Gyaran tsarin mulkin da Majalisar Tarayya ta kammala a 2015 ya ƙunshi raba muƙamin Antoni Janar da na ministan shari'a, haka ma a jihohi, amma bai kai ga zama doka ba. Kenya ta riga ta bi wannan hanya a tsarin mulkinta na 2010, inda Daraktan Gabatar da Ƙararraki ke cin gashin kansa da wa'adi guda na shekara takwas, kuma ba ya janye shari'a sai da izinin kotu. A Najeriya irin wannan gyara na buƙatar kashi biyu cikin uku na Majalisar Tarayya, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36. Majalisar Dokokin Kano mai kujeru 40 na cikin masu wannan ƙuri'a, kuma da wuya ka ji an tambayi ɗan takararta matsayinsa a kan batun lokacin yaƙin neman zaɓe.