Tsatsa ta ci ƙasan tsohuwar 504: a shafe da foti ko a yanke?

Wani matashi daga Tudun Wada ya gaji Peugeot 504 ta mahaifinsa, irin wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975. Ta shekara da shekaru a ajiye ƙarƙashin darbejiya. Injin ya tashi, amma da ya ɗaga kafet sai ya hango ƙasa ta cikin rami. Ga abin da ya tambaye ni a gareji, da yadda na amsa masa.

Baba, ba sai a cike ramin da foti, wato kwaɓin da ake shafe lotsawar mota da shi, a fesa fenti ba?

In a madigad ne ko murfin but, kuma ɗan lotsawa ne, babu laifi. Amma 504 salun ba ta da shasi daban irin na tsohuwar Land Rover, wanda ake ɗora bodi a kansa a ɗaure. Bodinta shi ne ƙashinta. Daɓen ƙasa, da dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi, da ginshiƙan ƙofa, da mazaunin shokozoba, su ke ɗauke da nauyin motar. Foti ba ya ɗaukar nauyi, kuma tsatsar tana ci gaba da cinta a bayansa. Damina ɗaya ko biyu sai ka ga fenti ya yi ƙuraje. Duk fanel bitan da ya ce zai toshe maka waɗannan wuraren da foti, ɗauki motarka ka yi gaba.

To mu da ba mu kusa da teku, ina tsatsar ta fito?

Daga ciki. Robar gilashi ta bushe a rani, ruwan Agusta ya zurara ya kwanta ƙarƙashin kafet. Jar laka ta maƙale a saman taya tana riƙe laima, ganye kuma ya toshe ƙananan ramukan da kamfani ya bari don ruwa ya tsiyaye.

Yaya zan gane iyakar ɓarnar?

Da sukundireba da ƙaramar guduma. Lafiyayyen ƙarfe yana ƙara, ruɓaɓɓe kuwa ɗif za ka ji, ko tsinin ya shige. Bi jikin da maganaɗisu: inda ya ƙi kamawa, wani ya riga ka zuba foti. Kusan kullum abin da ke ɓoye ya fi wanda ido ya gani.

Sai a kama yanka ke nan?

A'a, nan ne ake kashe mota. Kafin giranda ta taɓa ta, a daidaita ta bisa matokarai a daɓe mai lebur, a auna kusurwa zuwa kusurwa a rubuta, sannan a walda sandunan ƙarfe na wucin gadi a giciye a bakin ƙofofi. In ba a yi haka ba, da an cire ƙarfen ƙasa sai motar ta lanƙwashe a tsakiya, ƙofa ta ƙi rufuwa har abada. Na taɓa ganin wadda aka yanke ɓangarorinta biyu rana ɗaya. Mai ita da kafaɗa yake rufe ƙofa. Gefe ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. Ɗige-ɗigen waldar kamfani kuma da diril ake huje su, ba a fizge su da kurfi. A cire batir da tankin mai tukuna, wannan ba abin ciniki ba ne.

Wane ƙarfe za a sa?

Mafi kyau a yanko wurin daga jikin wata 504 da ta yi hatsari amma ƙasanta lafiya; a leƙa wajen masu kayan gwangwan a Sabon Gari, ko a gangara kasuwar Panteka a Kaduna. In babu, a lanƙwasa sabon falle mai kauri daidai da na asali. Fatar waje ba ta cika wuce milimita 1 ba, masu ɗaukar nauyi sun fi haka. Ban da kwanon rufi da jikin firij. Ƙarfe mai rufin zinki ma hayaƙinsa yana sa zazzaɓi in ba a kankare bakin ba.

Waldar kabaid ta isa?

A hannun gwani tana yi, sai dai zafinta yana bazuwa ya murɗe falle. Da ita ko da lantarki, ɗigo-ɗigo ake yi, ana tsallakawa ana barin wurin ya huce. Liƙi da jan ƙarfe kuwa bai dace da wurin ɗaukar nauyi ba. Bayan walda a shafa fentin hana tsatsa ciki da waje, a toshe bakin haɗin, a fesa mai ko kakin hana tsatsa cikin kogon ƙarfen, a bar ramukan tsiyaya a buɗe. Sannan a sauya robar gilashin nan, tunda ta nan ruwan ya fara shiga.